BAYAN FAGE: Kunnen mawaƙi daban, kunnen 'yan kallo daban

Duk wanda ya saba zuwa gala ko wasan Sallah na mawaƙan fim ya san wannan lokacin. An kira sunan tauraro, fili ya ɗauki ihu da fito, ya hau dandamali cikin shiga ta kece raini, kiɗa ya tashi. Ya ja baiti ɗaya, ya ja na biyu, sai a ga ya ɗaure fuska, ya juya wajen mai kayan sauti yana nuna sama da yatsa. Yaron ya murɗa. Mawaƙi ya sake nuna sama. Yaron ya ƙara murɗawa. Kafin a ankara lasifika ta tsala wata uwar ƙara, tsiiiii! Mata su toshe kunne, yara su fashe da kuka. Daga can baya kuma wani ya ɗaga murya: "Malam ba ma ji! A gyara mana, kuɗi muka biya!" Alhali na gaba kunnuwansu kamar za su fashe.

Washegari hukunci ya fita a majalisu da wayoyin jama'a. Wasu su ce ashe muryar tasa ta situdiyo ce, kwamfuta ke yi masa kwalliya. Wasu su ce mai kayan ne bai iya aiki ba. Wasu ma su rantse hassada ce, biyan yaron aka yi don ya kunyata shi. A da in an yi irin wannan, iyakarta waɗanda suka shiga fili. Yanzu kuwa kowa da wayarsa a hannu, kafin mawaƙi ya isa masauki bidiyon ya riga shi zuwa gida.

Amma sau da yawa wasan ba da dare ya lalace ba. Tun da la'asar ya lalace, lokacin da ya kamata a yi gwajin sauti, mai kaya na ta "testin, testin, wan-tu" shi kaɗai, tauraro kuma yana ɗakin otal ana goge masa kaya.

Sauti biyu a wasa ɗaya

Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, a duk wasan da aka yi da kayan lantarki, sauti biyu ake haɗawa a lokaci guda. Na farko na jama'a ne, wato manyan lasifikokin nan da ake jerawa dama da hagun dandamali suna fuskantar 'yan kallo. Na biyu na masu wasan ne: ƙananan lasifikoki masu kama da akwatin da aka yanke a karkace, waɗanda ake ajiyewa a ƙasa gaban mawaƙi suna kallon fuskarsa. Su ake ce wa monita.

To me ya sa sai an ba shi tasa daban? Dalili shi ne mawaƙi a bayan manyan lasifikokin yake tsaye. Sauti mai kauri, irin na bes da dukan ganga, bazuwa yake yi ko'ina, gaba da baya. Siririn sauti kuwa, wanda ke ɗauke da haruffan magana, inda kunne ke bambance "sa" da "fa" da "ta", miƙewa yake yi gaba kamar hasken tocila. Don haka abin da ke isowa ga mawaƙi ta bayan lasifika gurnani ne kawai, kamar mai sauraren kiɗan biki daga bayan katanga.

Akwai ma wanda ya fi wannan sharri, wato sautin da ya je ya bugi bangon ƙarshen ɗaki ya dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. In bangon na nesa da mita 17, zuwa da dawowa mita 34 ke nan, jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan. In fili ne mai katanga a mita 50, jinkirin ya kusa kashi uku cikin goma. Ga mai hira wannan ba wani abu ba ne. Amma mawaƙin da ya bi kiɗan da ya dawo daga bango zai riƙa sauka a bayan kiɗa, ya ji ya makara, ya yi sauri ya wuce. 'Yan kallo sai su ce ya manta waƙarsa.

Makaɗan gargajiya ba su cika shiga wannan tasku ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, masu kalangunsa da 'yan amshinsa a kusa da shi suke, kowa na jin kowa da kunnensa ko da an ɗauke wuta. Amma waƙar fim, tun da fiyano ya mamaye ta, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, kiɗanta a cikin na'ura yake zaune. Jiya kaset ne da sidi, yau filas ne da laftof. In ba ta lasifika ba, mawaƙin fim ba shi da wata hanyar jin kiɗan da yake hawa.

Ba a kan mawaƙan Hausa aka fara ba

Kada mai karatu ya ɗauka rashin ci gaba ne ya jawo. A ranar 15 ga Agusta, 1965, mawaƙan nan huɗu na Ingila, Beatles, sun yi wasa a filin Shea da ke birnin New York na Amurka gaban mutum 55,600. Amfilifayoyin gitarsu masu ƙarfin wat 100 ne, kuma ba su da monita a gabansu. Ihun 'yan mata ya danne komai. Mai buga musu ganga, Ringo Starr, ya sha ba da labarin cewa motsin jikin abokansa yake kallo daga baya don ya gane inda aka kai a waƙa. Shekara guda bayan haka, a ranar 29 ga Agusta, 1966, suka yi wasansu na ƙarshe na yawon gari-gari a San Francisco, suka koma situdiyo. Rashin jin kansu na daga cikin abubuwan da suka gundure su.

A 1974 kuma wata ƙungiyar Amurka, Grateful Dead, ta gwada kashe matsalar daga tushe. Injiniyansu Owsley Stanley da abokan aikinsa suka gina katangar lasifikoki kusan 600 a bayan mawaƙan, don abin da jama'a ke ji ya zama shi ne mawaƙan ke ji, babu buƙatar monita. Don kada lasifika ta yi kuka, kowane mawaƙi aka ba shi makirfo biyu, ɗaya saman ɗaya. Yana waƙa a na sama, na ƙasa kuma aikinsa ya soke sautin katangar da ya shigo duka biyun. Dabarar ta yi aiki, amma kuɗin ɗaukar kayan da na ma'aikata ya fi ƙarfinsu. Kafin shekarar ta ƙare suka ajiye katangar. Duniya ta ci gaba da tafiya a kan sauti biyu, da rigimar da ke tsakaninsu.

Yadda rigimar ke farawa

"Injiniya, ƙara min murya, ba na jin kaina."

"Oga, ta kusa ƙurewa fa."

"Kai dai ƙara! Ni ke waƙar ko kai?"

Daga nan take somawa. An ƙara wa mawaƙi, monitarsa ta danne ta mai fiyano. Mai fiyano ya ce a ƙara masa. Tasa ta danne ta 'yan amshi, su ma su ɗaga hannu. Mawaƙi ya ji an sake rufe shi, ya nemi ƙari. Kowa ya sami abin da ya nema, amma babu wanda ya ji abin da yake son ji.

Illa ta farko ita ce kukan lasifika. Murya ta shiga makirfo, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, ta fito ta monita. In ta fito da ƙarfin da ya isa ta sake shiga makirfon, sai a sake ƙara mata ƙarfi, ta sake fitowa, ta sake shiga, tana zagayawa tana girma har ta zama wannan tsiiiii ɗin. Masu aikin sauti a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, kamar Nijar, "larsen" suke ce mata, sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak da ya bayyana yadda abin ke faruwa. Shi kuwa gwajin sautin kansa "balans" suke kiransa, wato daidaito, kuma sunan ya dace da aikin.

Illa ta biyu ita ce ta fi cutar 'yan kallo, kuma ba a cika lura da ita ba. Monita tana fuskantar bayan dandamali ne. Sautinta ya bugi bangon baya ya dawo cikin jama'a a makare, ya cakuɗe da na manyan lasifikoki. Sannan duk makirfon da ke buɗe a kan dandamali yana kwasar wannan hayaniyar ya tura ta gaba. Sai injiniya ya tsinci kansa hannu a ɗaure: in ya rage na jama'a, na baya ba sa ji, in ya ƙara, lasifika ta yi kuka. Shi ya sa na gaba ke toshe kunne a daidai lokacin da na baya ke cewa a ƙara. Bahaushe dai ya ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Gogaggen injiniya, in mawaƙi ya ce masa "ƙara min", tambaya yake mayar masa: "Ranka ya daɗe, me ya yi maka yawa?" Sau da yawa muryar tana nan, kiɗa ne ya rufe ta. A rage fiyano da bes a monitarsa, sai ya ji muryarsa ta fito tar, ba tare da an taɓa ta ba.

Gwajin da ya amsa sunansa

Aikin yana farawa kafin mawaƙi ya iso. A tabbatar da janareta ya zauna, a bi kowace waya ɗaya bayan ɗaya, a ga kowane makirfo ya fito a layin da aka rubuta masa. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, don kada ƙarar kunna kaya ta fasa lasifika. Manyan lasifikoki su kasance a gaban layin da mawaƙa za su tsaya. Mikisa kuma a kai ta cikin 'yan kallo. Wannan shi ne babban kuskuren wuraren biki da yawa: a rakuɓe mai kaya a gefen dandamali ko bayan lasifika don kada ya ɓata kwalliyar fili, sannan a ce ya gyara sautin da ba ya ji. A manyan wasannin duniya injiniya biyu ake sawa, ɗaya a tsakiyar jama'a yana kula da nasu, ɗaya a gefen dandamali ba shi da aiki sai kallon fuskar mawaƙa. Inda mutum ɗaya ne da mikisa ɗaya, dole sautin monita ya bi ta hanyarsa daban, ta yadda in an ja na jama'a sama ko ƙasa na mawaƙi ba zai motsa ba. Mikisoshin zamani ma ana sarrafa su da waya ko kwamfutar hannu, injiniya na iya yawo cikin fili yana gyarawa.

Sai neman inda monita ke kuka. A kashe na jama'a, a ajiye makirfo inda mawaƙi zai tsaya, a riƙa ɗaga monita a hankali har a ji ta fara tsuwa. A nemo wannan amon a jikin ikwalaiza, wadda galibi maɓallai 31 gare ta, a ja nasa ƙasa kaɗan. A sake ɗagawa, wani amon ya fito, a ja shi. Sau uku ko huɗu ya isa, don in aka zarce sai muryar ta koma kamar ta cikin tulu. Daga nan a sauko ƙasa da inda kukan ya fara, a bar wa dare rara.

Yanzu ne mawaƙi zai hau. A fara da muryar babban mawaƙi, domin ita aka zo ji, kuma ita ce ma'aunin da sauran za su bi a ƙarƙashinta. Ya yi waƙa da ƙarfin da zai yi da dare. Mai raɗa a wajen gwaji don adana murya, sannan ya kwarara ihu a gaban jama'a, ya yaudari injiniya kuma ya yaudari kansa. Bayan shi a bi sauran ɗaya-ɗaya, wanda ba a kira ba ya yi shiru. Kowa ya faɗi abin da yake buƙata kawai. 'Yan amshi suna buƙatar muryar mai ja da sautin fiyano, ba sai an zuba musu komai da komai ba. Eko kuma, wanda mawaƙan fim ke so kamar me, a zuba wa jama'a, a taƙaita shi a monita, don yana ɓoye wa mawaƙi kuskurensa kuma yana jawo kuka.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe: a kunna na jama'a tare da monita, a yi waƙa guda cikakkiya, wadda ta fi kowace hayaniya. Da zarar manyan lasifikoki sun tashi, gurnaninsu zai cika dandamali, mawaƙin da ya ce komai ya yi ɗazu zai ji abin ya canza. Maganinsa a rage kaurin da ke cikin monita, tunda na jama'a ya riga ya kawo shi kyauta. Sannan injiniya ya kashe na jama'a na ɗan lokaci ya saurara daga tsakiyar ɗaki. In har yana jin waƙar raɗau daga monita kaɗai, to dandamali ya yi ƙara da yawa, a koma a rage.

Kafin a sauka a yi yarjejeniyar hannu: a nuna abin da ake so a taɓa, a nuna sama ko ƙasa, a gyaɗa kai in ya yi. Babu abin da ke zubar da girman wasa kamar tauraro ya tsaya yana yi wa yaron kaya faɗa ta makirfo.

Hannun mawaƙi ma na da laifi

Laifi tudu ne. Makirfon da aka fi yin wasa da shi a duniya, irin su Shure SM58 da ya fito tun 1966, an ƙera shi ya ji gaba sosai, ya kurumce ta baya. Don haka gindinsa ne ya kamata ya kalli monita. Mawaƙin da ya gama baiti ya saki hannu ƙasa, kan makirfo ya leƙa monita, shi ya kira kukan da kansa. Haka mai dunƙule kan makirfo a tafin hannu don yanga irin ta mawaƙan Amurka: ya toshe kafofin bayan da ke sa makirfon ya kurumce, ya mayar da shi mai jin ko'ina.

Sai nisa. Duk lokacin da tazarar baki da makirfo ta ninka, ƙarfin murya na faɗuwa da desibel 6. Daga santimita 5 zuwa 20 an yi asarar desibel 12, kuma injiniya ba shi da inda zai samo su sai ta ƙara ƙarfi, wato ta matsawa kusa da kuka. A wajen biki ga ƙarin jidali: masu liƙi su cika dandamali, su tsaya tsakanin mawaƙi da monitarsa, su taka waya, mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya sauka gaban manyan lasifikoki yana kirari. Duk wannan ana iya tsara shi tun da rana, a shata wa masu liƙi wurin tsayawa.

Kuma kowa ya sani ɗakin da aka yi gwaji a cikinsa ba shi ne na dare ba. Ɗakin taro mai tayil da siminti da rufin kwano, in babu kowa, amsa-kuwwa yake yi kamar rijiya. In ya cika da manyan riguna da gyale da jikin mutane, sai su shanye sautin, musamman siririn. Don haka waƙar farko ta dare ita ma gwaji ce, kuma rarar da aka bari da rana a nan take amfani.

Na'urar kunne da lafiyar kunne

Manyan mawaƙa da yawa sun bar monitar ƙasa sun koma 'yar na'urar da ake cusawa a kunne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗa ta shi ne injiniya Jerry Harvey, wanda ya ƙera wa mai ganga Alex Van Halen tasa a 1995 saboda ƙarar dandamali na cinye masa kunne. Amfaninta a fili yake: dandamali ya yi tsit, kuka ya ragu, na jama'a ya fito fes. Amma ita ma sai da gwaji. A daren 31 ga Disamba, 2016, a dandalin Times Square na New York, Mariah Carey ta tsaya a gaban duniya ta kasa bin waƙarta, tana cewa ba ta ji, muryarta da aka naɗa kuma na ci gaba da fita ba tare da bakinta ba. Mutanenta suka ce na'urar kunnenta ce ba ta aiki, masu shirya taron suka musanta cewa da gangan aka yi mata. Sai da ta dawo wurin bayan shekara guda ta wanke kanta. Wannan darasi ne ga masu mamin: ranar da ba ka ji kiɗa ba, ranar asiri ke tonuwa.

Abu na ƙarshe ya fi suna da kuɗi tsada. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada matsakaicin sautin wuraren wasa ya wuce desibel 100. Monitar da aka ƙure a gaban mawaƙi tana iya wuce haka. Wannan ƙarar da mutum ke ji a kunne in ya kwanta bayan wasa gargaɗi ne, domin ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Mawaƙin da jinsa ya fara raguwa shi ne zai ƙara neman a ƙara masa, ƙarin kuma ya ƙara cin kunnen. Mai sa na'urar kunne a gefe ɗaya ya bar ɗayan a buɗe ma bai tsira ba, don ƙure ta yake yi kafin ta rinjayi hayaniyar da ke shiga ta ɗaya kunnen.

Saboda haka mai shirya wasa ya sa awa guda ta gwaji a cikin yarjejeniya, kamar yadda yake sa kuɗin mota da masauki, ya kuma ba mai kaya wuri a tsakiyar fili. Mawaƙi ya zo da kansa, kada ya aiko yaronsa, don kunnen wani ba ya ji wa wani. Ya zo da kiɗansa wanda babu murya a kai, ya tambayi sunan injiniyan, ya gaishe shi. Wannan yaron da ke tsugune a bayan mikisa da tocila a baki, wanda ba a sa hotonsa a fosta, shi ke riƙe da muryar tauraro daga baitin farko har a tashi.

Sai wata mai zuwa.